Layin da Babu Mita

"Ɗaga hannun, Baba. Duka biyun."

"Da yana ɗaguwa me zai kawo ni nan?"

Auta ta ciji leɓe. Karo na biyar ke nan na'urar tana yin ƙara, allon yana nuna jan rubutu. Wata takwas tana aiki a wannan shagon wasan bidiyo, tana ɗaura wa 'yan gayu ɗamara da madaurin gwiwa da na idon sawu, tana goge gumin da suka bari a tabaran da ake ganin wasan ta cikinsa. Ta san ƙa'idar sarai. Sai mutum ya tsaya cak a kan faifan nan mai santsi, ya buɗe hannuwa biyu, na'ura ta auna shi. Daga nan duk motsin da ya yi, mutumin cikin wasan ma zai yi.

To, hannun hagun Baba tun ciwon shanyewar ɓarin jiki yake rataye. Likita ya ce in bai riƙa takawa ba, ƙafar ma sandarewa za ta yi. Shi kuwa wata huɗu ko ƙofar gida bai leƙa ba. Wai ba zai ja ƙafa a unguwar da ya shekara talatin yana zagawa gida-gida yana karanta mitar lantarki ba. Sai da Auta ta yi mako tana haɗa magana a ranta kafin ta iya roƙon Manaja, ya ba ta rabin awa kafin a buɗe shago. Yanzu ga minti goma sha biyu sun tafi a banza.

Ta zaga bayansa ta tallafe hannun. Na'urar ta sake ƙara.

"Me kuma ta ce?"

"Wai mutum biyu ne a kan faifan."

"Ashe ta iya ƙirga. Kwance ni, Auta, ki kira tasin da ya kawo mu. Ni ba yaro ba ne."

Idonta ya ciko. Ta juya don kada ya gani, sai ta yi karo da bokitin goge-goge, ruwa ya fantsamar mata a ƙafa. Ta tsaya tana hararar sandar mopa kamar ita ta yi mata laifi. Can ta zare sandar, ta gitta masa ita a kafaɗa, ta cire gyalenta ta ɗaure hannun a jikin sandar.

"Yau kuma na zama igiyar shanya," in ji Baba. "Saura ki rataya zanin uwarki."

"Don Allah ka yi shiru, kar ka motsa."

Allon ya yi kore.

Ta kwance sandar da sauri, ta saka masa tabaran. Ba ta zaɓi wasan harbi ba. Ta buɗe masa layin koyon tafiya, wanda masu zuwa ke tsallakewa: titi ne kawai da gidaje a jere, babu kowa.

"Ɗamarar na riƙe da kai, ba za ka faɗi ba. Taka."

Bai taka ba. Ta ƙirga numfashinsa har bakwai. Sannan ƙafar dama ta zame gaba, ta hagu ta biyo ta da kyar. A allon, mutumin ya matsa kusa da gidan farko, ya tsaya, ya leƙa bayan ƙofa, ya ɗaga kai yana duba bango. Ya wuce gida na biyu, ya sake yin haka.

"Baba, me kake nema?"

Ya zarce gida na uku, na huɗu. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Gida na biyar, na shida.

Ƙofar shago ta yi ƙara, Manaja ya shigo yana kaɗa makullai. Ya dubi agogo, ya dubi ruwan da ya malale a ƙasa, ya dube ta. Auta ta matsa kusa da faifan.

"Baba," ta ce a hankali, "lokaci ya yi."

"Ke, dakata! Saura gida huɗu in gama layin." Ya ja ƙafar hagu, ta biyo. "Duk layin nan babu mita ko ɗaya, ga fitilu a kunne da rana tsaka. Satar wuta suke yi!"

Manaja ya buɗe baki zai yi magana. Auta ta ɗauki mopa ta shiga goge ruwan, ta tsaya daidai tsakaninsa da makunnin na'urar.