Inda Za a Rataye Fankar Balki

Fankar ta iso Gaya a motar Yamai, cikin kwali, da sunan Mamman a jiki. Kabiru ne ya aiko, ɗansa mai shagon yadi a can, wanda bai taɓa mantawa da iyayensa ba in dai abin da suke bukata yana shiga kwali.

Wata huɗu ke nan Balki, matar Mamman, tana kwance. Hawan jini ya shanye mata ɓarin dama, ya bar mata bakinta. Da ana sanyi abin da sauƙi. Da bazara ta shigo, bayanta ya feso da ƙuraje, likita ya ce in zufa ta ci gaba da jiƙa ta za su zama gyambo, gyambon kwanciya kuwa ba ya jin magani a jikin tsohuwa. Mamman ya yi ta yi mata fifita har kafaɗarsa ta daina ɗaguwa. Shekararsa saba'in da ɗaya.

Da hantsi ya kirawo Labo mai gyaran kuran, wato wutar lantarki. Labo ya shigo ɗakin da tsaninsa, ya gaida Balki, ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ɗakin ƙasa ne, da azarar giginya da aka jera tun shekarar da aka kawo Balki gidan.

"Ga wurin nan," in ji Mamman, yana nuna saman gadon. "Ka buga ƙusa babba ka rataya."

"Baba, fanka ba fitila ba ce. Juyawa take, tana jijjiga abin da ya riƙe ta." Labo ya hau tsani ya soka turnabis, ƙarfensa na kwance sukuru, a azarar. Ƙarfen ya shige kamar cikin tuwo. Gari ja ya zubo a kan zanen Balki.

"Ɗan nan, zuwa ka yi ka binne ni tun da raina?" in ji ta.

"Ki yi haƙuri, Inna." Ya soki ta biyu, ya soki ta uku. "Gara ta riga mu, Baba. Bayan kawai ta bar muku, cikin ta cinye."

"Giginya ce fa. Ni na ɗauko ta daga Bengu a amalanke."

"To, ta yi aikinta. Kuma ɗaga hannunka in gani."

Mamman ya ɗaga hagun. Tafinsa ya taɓa rufin.

"Ka gani? Ko da azarar lafiya take, ranar da ka tashi sa riga fankar nan za ta raba ka da yatsu. In kuma na rataya ta a nan, kwana uku, mako guda, za ta sauko. A kan wa? Ni ba da hannuna ba."

Mamman ya fito tsakar gida don kada ya zagi mutum a kan gaskiyarsa. Labo ya biyo shi yana share wuya, idonsa ya sauka a kan ɗakin Kabiru da ke gabas.

Kowace unguwa a Gaya tana da irinsa: ɗakin bulo da ɗan gida ya gina da kuɗin birni, ya shafa masa fenti, ya garƙame, ya tafi da makulli. Kwana biyar a shekara ake buɗe shi, da Babbar Sallah. Sauran kwanakin ƙadangaru ke hutawa a inuwarsa.

Labo ya leƙa ta tagar. "Rufin dal ne, zubin siminti. Ga ƙugiyar ƙarfe can tun zubi aka dasa ta, ga waya an fito da ita. Baba, magini ya gama mana rabin aiki. Ina makulli?"

Mamman bai taɓa roƙon ɗansa komai ba, yana kuma faɗin haka a majalisa. Ya daɗe da wayar salula a hannu kafin ya kira Kabiru.

"Baba, ta iso? Mai kyau ce, ta fi duk wadda ke kasuwa."

"Ta iso. Ɗakin uwarka ba zai ɗauke ta ba. Naka muke so."

Ta cikin wayar ana jin hayaniyar kasuwa da wata mata tana taya atamfa.

"Ai kayan matata Samira ne cike a ciki, Baba. Kujerunta, katifarta sabuwa. Kuma ka san Inna yanzu ba ta iya riƙe... Ku bari in zo da Sallah mu duba."

"Sallah saura wata biyu."

"To a nemi wata dabara mana. In aiko da ta ƙasa?"

"Ta ƙasan da ka aiko bara iskar zafi take tura mata a fuska, ta kuma mutu." Mamman ya kashe wayar.

Ya koma wurin Balki, don ita ce za a ɗauka. Ta ji komai, katangar gidan ba ta riƙe magana.

"Malam, bar masa ɗakinsa. Kada matarsa ta ce na ɓata mata katifa."

"Katifarta za a jingine. Gadona za a kai miki."

"Zai yi fushi."

"Ya yi. Yana da fanka a can, zai huce."

Ta yi dariya da rabin bakinta, sannan ta juya fuska bango.

Labo ya yanke kwaɗon da zarton ƙarfe. Ɗakin ya buso musu warin leda da maganin asu. Rahama, ƴarsu da ke aure a bayan tasha, ta zo ta taya su tura kujerun gefe guda, ta lulluɓe su da zane kamar yadda ta same su. Labo ya kashe kuran daga kontar, wato mitar wutar, ya ce kada wanda ya taɓa. Ya hau tsani, ya kama ƙugiyar da hannu biyu, ya saki ƙafafunsa ya yi lilo.

"Ta ɗauke ni. Ni kuwa na fi fanka cin tuwo."

Ya rataya kan fankar, ya zura ƙusar tsakiya, ya sa ƴar sakatar da ke hana noti kwancewa ya tanƙwara bakinta. Ya haɗa wayoyin ya naɗe. Fukafukan ya sa su daga ƙarshe, yana auna tsakanin kowane da rufi da igiya, har suka zo daidai. Da aka kunna, ta juya shiru, ba rawa.

Rahama ta nufi ɗakin uwarta. Mamman ya ce ta dakata. Ya sa aka kawo gadonsa na ƙarfe aka ajiye daidai ƙarƙashin fankar, ya cire hula, ya kwanta rigingine.

"Kai ta gudun ƙarshe," ya ce wa Labo.

"Baba, ai na gwada."

"Ka gwada da hannunka. Ita ba ta iya kaucewa."

Haka ya kwanta idonsa a kan notin, rigarsa tana kaɗawa, daga azahar har aka kira la'asar. Labo ya zauna a bakin ƙofa, ya fasa tafiya. Daga ɗakin ƙasa muryar Balki ta taso:

"Rahama, je ki gani, ubanki fankar ya kawo mini ko kansa ya kawo wa?"

Mamman ya tashi zaune, ya sa hularsa. Su uku suka ɗauko ta a kan tabarma, a hankali, Rahama tana tallafe da kanta. Da suka kwantar da ita a gadon, a kan gefenta na hagu, ya ɗage mata riga daga baya don iskar ta sami ƙurajen.

"Rage ta," in ji Balki. "Sanyi nake ji."

Ya rage zuwa biyu, ya jawo kujerar Samira guda ɗaya, da ledarta, ya zauna.