Sitika a Rediyon Tsohuwa

Shekara arba'in ya yi yana gyaran rediyo a bakin kasuwa kafin ya ajiye aiki, amma na ɗakin matarsa bai taɓa buɗe shi ba. Ranar nan da hantsi ta kawo, ta dire a gabansa.

"Mai gyara, ga aiki. In na taɓa nan ya yi ta shuu, in na taɓa can ya yi gum."

"Tsohuwa, ke dai kin fi rediyon surutu, shi ya sa ya yi fushi."

Ya fara cire batir, kamar yadda ya saba, sannan ya kwance kusoshin ya jera su cikin murfin kwalba don kada su ɓace. Da tsohon buroshin haƙori ya share ƙurar ciki, ya goge tsatsar gidan batir da auduga da ɗan sifirit. Ba abin da ya ƙone. Rubutun jikin maɓallan ne kawai ya goge.

Sai ya yanko farar takarda daidai faɗin kowane maɓalli, ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya rufe da salatef don kada gumi ya cinye. Ya liƙa, ya miƙa mata yana taƙama.

"Karanta min wannan."

Ta kai rediyon har kusa da hancinta. Ta daɗe.

"Rubutunka ne dai kamar tafiyar kaza," ta ce, tana 'yar dariya.

Shi bai yi dariyar ba. Baƙaƙen nan ko daga bakin ƙofa ana iya karanta su.

"Tun yaushe?" ya tambaya a hankali.

Ta sunkuyar da kai. "An fi wata biyar. Ban so hankalinka ya tashi ba ne."

Ya jawo gam, ya ɗiga a kan kowace sitika: ɗigo ɗaya a na kunnawa, biyu a na murya, uku a na neman tasha. Suka jira har gam ɗin ya bushe ya yi tauri. Sannan ya kama yatsarta ya bi da ita kansu ɗaya bayan ɗaya.

"Gobe da safe za mu je a duba idon nan. Ba shawara nake nema ba."

"To, na ji."

Ta lalubo ɗigo ɗaya da kanta, ta danna. Shi kuwa bai saki ɗaya hannun nata ba.