Rigar Namadi

Gajere na cikin ɗinke bakin buhun gyaɗa a filin awo na Tasawa, sai Mushe Abdurrahamane, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya tsaya a kansa ya ajiye masa wani ƙunshi.

"Ga kayanka na wasan gobe. Kai ne mugun, kamar kullum."

Gajere ya yi dariya, ya soke basilla a jikin buhu. Lebura ne, amma da wasan kwaikwayo garin ya san shi. Shekarar da aka samu mulkin kai shi ya fito a kumandan, Baturen mulki, ya shafe fuska da farar ƙasa yana magana ta hanci, har wata tsohuwa ta jefe shi da takalmi. Bai taɓa damuwa ba. A ganinsa dole wani ya zama mugu, in ba haka ba jarumi ya rasa wanda zai kayar.

Ya kwance ƙunshin. Riga ce shuɗiya mai faci a kafaɗa. Dariyar ta ɗauke.

"Mushe, ai wannan rigar Namadi ce."

"Daga bariki aka aiko ta. Sun ce a yi wasan da kayan gaske."

Namadi ɗan unguwarsu ne, tare suka taso. Kafin Turawa su tafi, shi ya hau kan buhuna a wannan filin ya ce wa manoma kada kowa ya sayar da gyaɗa sai an gyara sikelin kamfani. Aka kulle shi. Ran da aka sake shi da kalangu aka raka shi gida, mata na guɗa. Daga baya aka haramta jam'iyyarsa, ya tsallaka Katsina. Bana bayan girbi aka kama shi a wata gona kusa da Korgom, an ce da bindiga a hannunsa. Tun da kamyon jandarma ya wuce da shi ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

"Me zan yi a wasan?" in ji Gajere.

"Ka shigo ka nemi cinna wa tarin gyaɗa wuta. Samari su kama ka. Sai ka yi rarrafe kana roƙo, ka ce baƙi ne suka ruɗe ka."

"Namadi bai taɓa ƙona kome ba."

Mushe ya dubi hagu da dama, ya rage murya. "Ni ma ba ni na tsara shi ba. Sakataren jam'iyya mai mulki da kansa ya ambaci sunanka. In ka ƙi za a tambayi dalili, kuma ka san inda ake yin tambayar."

A gida matarsa Biba ta hana shi shiga ɗaki da ƙunshin, sai a rumbu ya ajiye shi.

"Inna Kadijatu za ta zo kallo?" ya tambaye ta. Uwar Namadi yake nufi.

"An ce kowane gida ya fito. Ita ce za ta iya ƙi?" Biba ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. "Maigida, ka yi abin da aka ce, ka tuɓe, ka dawo. Muna da ɗiya."

Washegari da la'asar filin lakwal ya cika. An kafa wa manya rumfa, an jera tutoci. Ishaƙu, wani dogon akawu, shi ne jarumin, cikin fararen kaya. Gajere ya sa rigar a bayan aji. Ta yi masa tsawo, kuma har yanzu tana warin zufa da hayaƙi. Da ya leƙa sai ya hango Inna Kadijatu a layin gaba, sandarta a kan cinya. Ba ita ta zaɓi wurin ba, ya sani.

Ya yi niyyar shiga da sanɗa irin ta ɓarawon kaji, a yi dariya a wuce wurin. Amma da aka buga ganga ya fito, jikinsa bai bi shi ba. Kafaɗarsa ta hagu ta sauka, hannu ɗaya ya koma baya, ya riƙa taku a hankali kai a karkace, yadda Namadi ke ratsa kasuwa. Wani ya fara dariya, ya haɗiye ta.

Samari suka yi masa rubdugu, Ishaƙu ya taka masa baya yana jawabi. Gajere ya yi rarrafe har gaban rumfa. Ya roƙa, ya faɗi duk abin da aka ce ya faɗa, bai rage kalma ba. 'Yan lakwal suka yi tafi. Dattawan da suka taɓa raka Namadi da kalangu suka sunkuyar da kai suna jan carbi.

"Madalla," in ji sakatare yana murmushi. "Kamar shi sak. Za a zo a karɓi rigar."

Gajere ya koma bayan aji ya zauna a ƙasa, gwiwoyinsa duk sun kuje. Bai kai ga tuɓewa ba ya ji ƙarar sanda. Inna Kadijatu ce, ita kaɗai. Ya durƙusa.

"Inna, ki gafarce ni."

Ta daɗe tana kallon rigar.

"Za su karɓe ta?"

"Yanzu jandarma zai zo, Inna."

"To tashi, kafin ya iso. Yi mini tafiyar nan. Ba rarrafen ba, tafiyar."

Ya miƙe da ƙyar, ya juya ya nufi iccen gawon da ke ƙarshen fili.

"Ba haka ba," ta ce. "Na gaji da ganin bayansa. Je can, ka taho wurina."

Gajere ya je gindin gawon ya juyo. Ya saukar da kafaɗa, ya mai da hannu baya, ya fara tahowa a hankali. Tsohuwar ta jingina sandarta da bango, ta gyara mayafinta, ta tsaya tana jira.