Hannun Nas a Ƙirjin Baba Ɗalibi

"Nas! Nas, fito! Baba Ɗalibi ya faɗi!"

Tana tsugune gaban bokiti tana wanke farar rigar makaranta ta ji kiran. Matar mai shago ce ke dukan ƙofa kamar za ta ɓalle ta. Nas ta miƙe da kumfa har gwiwar hannu, ta kuma san abin da ya sa aka rugo wajenta. Ita kuwa ba nas ba ce. Zangon karatu ɗaya tak ta yi a sashen jinya na kwalejin gwamnati da ke bayan tashar mota, ajin yamma, na masu 'ya'ya da masu sana'a. Sunan ma maƙwabcin nata Baba Ɗalibi ne ya laƙaba mata don tsokana, unguwa ta ɗauka da gaske.

Shi kuwa tsohon ya ci sunansa. Tun da ya ajiye tuƙin bas ya tare a kwalejin nan. Ya yi sashen lantarki, ya koma gyaran firiji, ya leƙa walda har ta babbake masa gira, ya zauna ajin kwamfuta yana danna madannai da yatsa ɗaya kamar kaza na tsince hatsi. Ajin girki ne kaɗai suka ba shi haƙuri. Duk fankar da ya gyara a layin sai ta ƙaro sabuwar ƙara, amma wa zai hana Baba Ɗalibi gyara? Shi ne ya tasa Nas a gaba har ƙofar aji, yana cewa, "Ke da Allah ya ba sanyin hannu, kina gida kina gadin tukunya?"

Ta tarar da shi kwance a falo, tsakanin kujera da wata fanka da ya kwance ciki da baya. Sukundireba na nan kusa da hannunsa. Matarsa, wadda duk layin ke kira Mama, tana durƙushe tana yi masa fifita da murfin kwano, tana kiran sunan Allah. Maƙwabta sun cika ƙofa.

"Ku ba ta hanya, ga Nas nan," in ji wata daga cikinsu.

Wallahi wannan magana ta fi ganin tsohon a ƙasa tsorata ta. Suka dare, kowa ya zuba mata ido, har wani ya ce, "Alhamdu lillahi," kamar an gama.

Ta durƙusa. Ta bubbuga kafaɗarsa. "Baba! Baba, kana ji na?" Shiru. Ta kara kunne a bakinsa tana kallon ƙirjin. Ba motsi.

"A kira motar asibiti," ta ce wa matar mai shago, da wata murya da ita ma ba ta gane ba. "Yanzu!"

Ta buɗe maɓallan rigarsa, ta ɗora tafi a kan tafi, ta miƙe gwiwar hannu kamar yadda aka koya musu. A aji, mutum-mutumin roba suke dannawa, wanda ɗalibai suka sa wa suna Mai Haƙuri. Shi Mai Haƙuri ba shi da furfura a ƙirji, ba shi da ɗumi, bai taɓa kawo wa 'ya'yanta alewa ba. Ta danna. Ta sake dannawa. Kumfar hannunta na narkewa a fatarsa.

Sai ta ji ƙas a ƙarƙashin tafinta.

Mama ma ta ji.

"Wayyo Allah! Kin karya shi! Kin karya mini shi!"

Tsohuwar ta cafki kafaɗunta da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi, ta fizge ta baya. Nas ta zube a kan ƙarafan fanka. Mama ta kifa a kan mijinta ta kare shi da jikinta. Daga ƙofa wani ya ce, "A bar bawan Allah ya tafi da mutuncinsa mana." Wata ta ce, "Dama ai ba ta gama karatun ba."

Nas na zaune a ƙasa tana kallon hannuwanta. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Muryar malamarsu ce ta dawo mata, malamar nan mai faɗa da ba ta dariya: haƙarƙari yana karyewa, yana kuma warkewa, amma in kun tsaya, kun tsaya ke nan.

Ta rarrafa ta koma. "Mama, don girman Allah, matsa. Mama, ki yi mini komai daga baya, amma yanzu matsa."

Matar mai shago ce ta rungume tsohuwar ta ja ta gefe. Nas ta ci gaba da dannawa tana kuka, majina da hawaye na ɗiga a bayan hannunta, har sai da ma'aikatan motar asibiti suka shigo suka karɓe ta. Suka yi nasu da na'urarsu, suka daɗe suna yi. Can babbansu ya zauna a kan dugadugansa, ya ja rigar tsohon ya rufe masa ƙirji.

Ba ta san yadda ta isa gida ba. Ta sa sakata. Aka yi jana'iza tana ji ta katanga, masu gaisuwa suka yi ta shiga da fita, ita ko leƙe. Kwalejin ma ta daina zuwa. Farar rigar ta kwana a bokiti har ruwan ya yi wari. Duk takun da ta ji a bakin ƙofa sai ta ce shi ke nan, 'ya'yansa ne suka zo tambayar wadda ta karya ubansu. In ta rufe ido ba fuskarsa take gani ba, ƙarar nan take ji a tafin hannunta.

Ran nan da la'asar matar mai shago ta ƙwanƙwasa. "Mama na kiranki. Ta ce ke kaɗai."

Tsakanin ƙofarta da ta Mama ba nisa, amma sai ta ga tafiyar ta ƙi ƙarewa. An kawar da fankar daga falon. Tsohuwar na zaune a kan tabarma, ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru.

"Rufe ƙofar, 'yar nan."

Nas ta rufe, ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa. "Mama, ki yafe—"

"Tsaya. Tambayarki zan yi, kuma kada ki yi mini ƙarya don kin ga na tsufa." Mama ta kafe ta da ido. "Tun ranar ban runtsa ba. Na kasa tambayar kowa, ke kaɗai kika sani. Da na janye ki ɗin nan... da ban janye ki ba, da ya tashi?"

Nas ta ɗago. Sai a lokacin ta gane ashe tsohuwar ma kanta take zargi.

"Mama, ni fa na zaci cewa za ki yi ni na kashe shi."

"Ke? Ke da kika yi ta fama har gwiwarki ta yi jini?"

A waje wani na ta buga hon, an tare masa hanya.

"Ban sani ba, Mama," in ji Nas a hankali. "Ba zan ce miki na sani ba. Malamarmu dai ta ce ko a gadon asibiti ne, da likitoci a kai, yawanci in zuciya ta tsaya irin haka ba ta dawowa. Kuma ba ya jin komai a lokacin. Ko karayar bai ji ba."

"Bai ji ba?"

"Bai ji ba."

Mama ta ja dogon numfashi, ta share ido da bakin mayafi. Sai ta matso, ta kamo hannun Nas na dama, ta juya shi tana duban tafin.

"Shi ya yi ta cewa in bi shi makarantar nan, ina ce masa ni da boko sai a lahira." Ta ɗora hannun a kan nata ƙirjin. "Nuna mini. A nan ake dannawa?"

Nas ta gangara da tafin ƙasa kaɗan, zuwa tsakiya.

"A nan, Mama."

Tsohuwar ta ɗora nata hannun a kai ta riƙe. A ƙarƙashin tafin Nas zuciyar na bugawa da sauri, sannan ta fara lafawa. Ba wadda ta janye hannunta.