Tumbin Alhaji Shu'aibu

Adda Mairamu ta ɗaga murfin kwanon da yatsu biyu, kamar mai tsoron wani abu zai yi tsalle ya fito. Tuwon dawa ne malmala ɗaya, da miyar tasba, wato tafasa, kore shar, sai gasasshen kifi guda a gefe, ko ɗigon mai babu a jikinsa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar da murfin a hankali.

"Lauratu, wannan na wane ne? Maroƙi ne ya yi sallama?"

"Na Alhaji ne, Adda."

"Wane Alhajin? Ƙanena Shu'aibu, mai shagon yadi biyu a Rumde Ajiya? Akuya kika mayar min da shi, kina yanko masa ganye?"

Lauratu ta sunkuyar da kai ta ci gaba da firfita gawayi. Shekara goma sha shida tana gidan nan, ta san yayar mijinta ba amsa take nema ba, wurin zuba magana take nema. Kuma ta yaya za ta buɗe baki ta gaya mata abin da wannan ganyen ya dawo da shi gidan?

Ai kafin ganye, cin Alhaji abin labari ne a unguwa. Da safe shayi da madarar gwangwani, mai kaurin da cokali zai tsaya a ciki, da burodi shafe da man shanu. Da rana farar shinkafa tana iyo a mai. Da la'asar a majalisa shayi zagaye uku, kowane kofi sukari ƙwaya huɗu, a bi da tsire da lemon kwalba mai sanyi. Tumbi ya fito ya yi gaba, sai ya shigo ƙofa sannan mai shi ya biyo baya. Mutane kuwa suna shafa masa suna cewa arziki ya zauna.

Arzikin nan dai shi ya fara kwana da buta a gefen gado. Ƙishi ba ya ƙarewa, fitsari ba ya ƙarewa. Sannan wancan abin ya biyo baya, abin da ba a faɗa. Alhaji ya koma kwana da rigarsa, fuska ga bango. Shekara biyu cur suna ɗaki ɗaya kamar wa da ƙanwa. Ya sayi kwalabe wajen masu lasifika a bakin kasuwa, wata da hoton doki, wata da hoton zaki, ya ɓoye su bayan akwati yana zaton matarsa ba ta shara. Da Adda Mairamu ta shinshino zancen, ba ta yi wata-wata ba ta ɗora wa Lauratu laifi, wai ba ta iya kiwon miji ba. Ta koya mata haɗi na dabino da zuma da aya da madarar gwangwani, a dama a ba shi safe da yamma. Lauratu, baiwar Allah, ta dama da zuciya ɗaya. Kullum ta ba shi, kullum abin ƙara lalacewa yake yi.

Wata Juma'a jiri ya kwashe shi a ƙofar masallaci, aka kai shi dispanser ɗin unguwa. Can suka haɗu da Madam Georgette, wata nas 'yar kudu wadda ta tsufa a Garwa, Hausarta a karye amma ba ta ɓoye magana. Ta soki yatsansa, ta dubi na'ura, ta yi tsaki.

"Alhaji, jininka ya zama siro, ruwan sukari zalla. Ƙuda zai bi ka."

Da ta rubuta masa magani, sai ta ja Lauratu bayan labule.

"Madam Alhaji, ɗaki fa? Yana aiki?"

Lauratu ta ja mayafi ta rufe baki.

"To na ji amsa. Ki saurara. Hanyar jini da ke zuwa ido, da ƙafa, ita ce ke zuwa can wurin. Suga yana cin ta kaɗan-kaɗan. Can wurin ne ke fara faɗa, don hanyarsa siririya ce. In ba a ji ba, ƙafa za ta faɗa. Ba ke ba ce, ba asiri ba ne. Tukunya ce. Dawa, gero, wake, hako, ganye ke nan, da yawa, kifin Binuwai a gasa. Sukari, fini, ya ƙare! Kuma ya taka da ƙafa, ya bar moto, babur ɗin nan, ta huta."

Tsoro ya sa Alhaji ya bi. Wata biyar yana cin ganye yana ɓata fuska, yana takawa shago da ƙafa. Buta ta koma tsakar gida. Tumbi ya fara ja da baya, har ya ga yatsun ƙafarsa ya yi musu sannu da zuwa. Sai wata asuba Lauratu ta ɗora ruwan wanka na mutum biyu. Tana hura wuta tana murmushi ita kaɗai, kamar amaryar jiya. Wannan shi ne abin da ba ta iya gaya wa Adda Mairamu ba.

* * *

Shekarun nan kuwa su ne rediyo ba ta da zance sai SIDA, wato ƙanjamau, an kafa alluna a kowace mararraba. Mutum ya rame a Garwa, ba a tambayarsa me ya ci, sai a fara ƙirga inda ya taɓa zuwa. Alhaji kuma yakan je Duwala saro yadi.

Majalisarsu tana gindin wata darbejiya kusa da shagonsa. Manyanta biyu ne, Alhaji Dawuda dillalin shanu da Hamadu mai kayan moto, kowanne da tumbin da ya hana shi ganin takalminsa. Likitocin gari ke nan. Ba su taɓa karanta ko takardar magani ba, amma daga nesa suke gano cutar mutum.

"Alhaji Shu'aibu, rigar nan taka ce kuwa, ko ta aro?" Dawuda ya tambaya ranar wata Talata.

"Tawa ce. Suga aka ce ina da shi, nake kiyaye abinci."

"Suga," Hamadu ya maimaita, ya dubi Dawuda. "Allah ya sawwaƙe. Marigayi direban nan na Ngong ma suga aka ce. Da farko."

Malum mai shayi ya zuba zagayen farko, ya miƙa wa kowa. Da ya zo kan Alhaji, sai ya laluba ƙasan tire ya ciro wani kofi dabam, wanda aka ɗaura wa jan zare a gindi.

"Na mene ne zaren, Malum?"

"Don kada na manta ne, ranka ya daɗe. Naka ai babu sukari."

Alhaji ya karɓa. Ya lura da aka gama, an haɗa sauran kofuna an ɗauraye a kwano ɗaya, nasa kuwa aka zuba masa tafasasshen ruwa a gefe, aka kife shi a kan dutse. A sallar magariba, mutumin da ke damansa ya bar tazarar da yaro zai iya wucewa. Wata tsohuwar mai sayen atamfa a wurinsa ta karɓi canji da gefen mayafi.

Kwana uku ya yi yana haɗiye abin. Rana ta huɗu ya zauna a majalisa ya ɗaga murya yadda na tsallaken titi zai ji.

"Malum, sukari biyar! A cikin kofin kowa! Kai mai nama, tsire tsinke goma, ka zaɓo mai kitse. A kawo lemo, kowa ya sha!"

"Yauwa!" in ji Dawuda yana tafi. "Yanzu muka ga Shu'aibunmu. Namiji da ganye? Haba!"

* * *

Da ya dawo gida, Adda Mairamu na zaune a tabarma da ƙullin dabino da kwalbar zuma. Labari ya riga shi isowa, ta zo da kayan aikinta.

"Ungo, dama masa," ta ce wa Lauratu. "Gari ya ɗauka ƙanena na mutuwa. An daina gaishe ni da kyau a gidan suna. Wata biyu nake so in ga ya cika rigarsa."

Lauratu ba ta miƙa hannu ba.

"Adda, ki yi haƙuri. Hannuna ya taɓa dama masa wannan cikin rashin sani. Yanzu na sani."

"Kin sani! Wata kafurar nas ta fi mu sanin abin da ke gina namiji? Da wannan aka yi kiwon ubanmu."

"Baba ai noma yake yi, Adda, da ƙafa yake zuwa Pitowa. Kuma sau nawa yake ganin zuma a shekara?"

"Shu'aibu, kana ji tana gaya min ubana?"

Alhaji ya wuce ɗaki, Lauratu ta bi shi ta sakaya ƙofa. Ta durƙusa a gabansa, ta yi ƙasa da murya.

"Baban Fati, a je a yi gwajin can da suke zargi, ka kai musu takardar su gani."

"In je layin gwaji a gan ni? Ai shi ke nan na sa hannu. Kuma ko na kawo takarda, cewa za su yi saye na yi."

"To ka bar su su yi ta faɗa. Kai ka san yadda kake ji a jikinka. Ka manta shekara biyun nan? Ka manta abin da Allah ya dawo mana da shi?"

Ya kawar da kai. Ta ga maganar ta shige shi, ta ga kuma inda ta tsaya.

"Wannan wa ya gani, Lauratu? Ni da ke kawai. Tumbi kuwa kowa na gani."

"Madam Georgette ta ce bayan wannan ƙafa ce."

"Madam Georgette ba ta zama a majalisa."

Daga waje Adda ta ɗaga murya, wai ko dai a dama ko a ba ta madafi. Lauratu ta ce madafi ga shi nan, amma ita ba za ta ɗauki kwanon ta kai masa ba. Alhaji ya ce ashe kuwa zama zai yi wuya. Bai sake ta ba, ai shi mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Cewa ya yi ta je Ngong wajen wanta ta huta, har ta tuna yadda ake yi wa miji girki. Washegari ta hau mota da 'yarta Fati da akwati ɗaya.

A Ngong labari ke iske ta ta bakin direbobi. Alhaji ya murmure. Alhaji ya cika riga. An kwance jan zare, an mayar da kofi cikin 'yan'uwansa. Kowa na yaba hannun Adda Mairamu. Lauratu takan ce madalla, ta shiga ɗaki ta zauna. Sau biyu tana aika masa da busasshen zogale, sau biyu ana dawo mata da shi ba a kwance ba.

* * *

Bayan shekara ɗaya da rabi aka aiko mata. Ƙusa ce ya taka a shago, bai ma ji ba sai da takalmi ya jiƙe. Ciwon ya ƙi warkewa, yatsa ya yi baƙi, baƙin ya hau. Yanzu yana babban asibiti, kuma ana bukatar mai jinya, don Adda bayanta ba ya son kwanan benci.

Ta iske shi a gado na ƙarshe kusa da taga. Tumbin na nan, ya tokare zanen rufa kamar tulu. Daga gwiwar hagu zuwa ƙasa kuwa zanen a shimfiɗe yake lumui, babu abin da ya ɗaga shi. Ta tsaya ta dafa ƙarfen gado.

"Kin zo," ya ce.

"Na zo, Alhaji. Ya jiki?"

Ta ajiye kwanon da ta riƙo tun daga Ngong, faten wake da zogale, ta nemi inda za ta tura jakarta. Ƙarƙashin gadon a cike yake. Mutanen Rumde Ajiya ba sa zuwa dubiya hannu sake, wannan kam ba a raina musu. Akwatin lemo biyu, gwangwanayen madara an jera su kamar a kanti, kwalin sukari uku, biskit, kwalbar zuma.

Tana zuba masa faten a faranti sai ga sallama. Alhaji Dawuda da Hamadu ne, suna haki saboda matakala, Hamadu rungume da leda mai raɓar sanyi.

"A'a, Hajiya an dawo? Madalla, madalla. Alhaji, sannu. Ashe dai da gaske suga ne!" Dawuda ya zauna a bakin gado, daidai inda ƙafar ba ta. "Wallahi mun gaya wa mutane tun farko. Bakin mutane ba shi da kyau. Yanzu ai sunanka ya wanku tas."

"Tas," in ji Hamadu. Ya leƙa farantin da ke hannun Lauratu ya yi dariya. "Hajiya, mutum ya zubar da jini haka, a ba shi ganye? Bari ya samu abin da zai mayar masa da ƙarfi."

Ya ciro kwalbar lemo mai ruwan goro, ya ɓalle murfin da zobensa, ya miƙa. Lauratu ta matso da farantin.

"Baban Fati," ta ce. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Alhaji ya dubi farantin. Ya dubi matarsa, ya daɗe yana dubanta, har ta fara gyara cokali. Sannan ya dubi abokansa biyu, da sauran 'yan dubiya na gadajen kusa da suka juyo suna kallo. Ya gyara zama a kan matashi, ya miƙa hannu ta saman farantin.

"Bismillah," in ji Hamadu.

Lauratu ta tsaya da cokali a hannu, tana jin saukar lemon a maƙogwaronsa, ƙwat, ƙwat, ƙwat.