Ƙaramar Tukunyar Zulkifilu

Shekara uku Zulkifilu da Davou suna nutso tare ranakun Asabar a wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika, can gaba da garin Manassas a Amurka. Zulkifilu injiniya ne a Sterling, Davou kuwa ɗan Jos ne, nas a wani asibiti a Largo. Dokar nutso ita ce a shiga mutum biyu, kowa na lura da ɗan'uwansa. To amma a faɗi gaskiya, Davou kaɗai ke lurar. Zulkifilu in ya shiga ruwa sai ka ce an kwance akuya, ko agogon da ke nuna sauran iskar da ke tukunyarsa ba ya dubawa. Sau biyu iska tana ƙare masa a ƙasa, Davou na miƙa masa tasa su shaƙa tare har su fito.

Na biyun ya ba shi kunya ƙwarai. Bai gaya wa kowa ba, ya je ya yi rajistar kwas ɗin masu nutso su kaɗai.

Magana dai ba ta ɓuya. Davou ya ji a shagon da suke cika tukwanen iska, ya kira shi a waya.

"Mutumina, ashe na zame maka kaya? Takardar rabuwa da ni ka je nema ke nan."

"Haba Davou, ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ai sunan kwas ɗin ya faɗi komai." Ya kashe waya. Asabar huɗu Davou bai leƙo ramin ba. Abin ya dami Zulkifilu, don wallahi in babu Davou ruwan ma ba ya yi masa daɗi.

Kwas kuwa ya gasa masa aya a hannu. Malamar, wata dattijuwa marar wasa mai suna Olive, ta rataya masa ƙaramar tukunya ta biyu a gefe, ta sa shi riƙe tabarau biyu da wuƙa biyu. A ƙasan ruwa sai ta fizge masa tabarau ba zato, ta tsaya tana kallo har ya lalubo ɗayan. Kafin ya dubi agogo, sai ya fara cankar iskar da ta rage masa. Oga injiniya ya sha kaye har ya gaji!

Da ya gama, ya tuƙa har Largo ranar Lahadi, ya jira Davou ya dawo daga coci.

"Ka zo sau ɗaya tak. In ban canza ba, ka yar da ni."

Davou ya yi tsaki, amma Asabar sai ga shi da kayansa.

Suka nutsa. Da Davou ya juyo zai tambayi iskarsa kamar kullum, sai ya tarar Zulkifilu ya riga ya ɗaga yatsu yana nuna masa. Karo na biyu ma haka. A na uku Zulkifilu ya yi masa alamar ya wuce gaba, shi ya biyo baya yana lura da shi, ransa fes.

Suna fitowa Davou ya tuge tabarau yana haki.

"Kai Zulkifilu! Ashe akwai ƙaramin jirgin sama a ƙasan nan? Har da kifi a kujerar direba!"

"Ai mun wuce shi ya fi sau hamsin."

Davou ya dube shi, ya kwashe da dariya har ya kurɓi ruwa.

"Ina zan gan shi? Shekara uku ba abin da nake kallo sai ƙeyarka."