Mazarƙwailar Ya'u

Ruwan rake na tafasa a kaskon ƙarfe, kumfa na tashi tana komawa, Ya'u kuwa yana tsaye da ludayi, ya ƙura masa ido kamar mai bitar allo. Daga bayan zana aka buga taɓarya a turmi sau uku. Nan take ya ce, "A sauke!"

Malam Maiwada, malamin gona na En'e, ya jira mazarƙwailar ta daskare, ya ɗanɗana. Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai, an buɗe wurin koyar da dafa mazarƙwaila a Makarfi, aka aiko shi Kudan ya ɗauko gwanin da sunansa ya kai Zariya. Bai taɓa sa irinta a baki ba. Sai dai shi mutum ne mai lura: kasko uku aka sauke a gabansa, sau uku turmin na rigan bakin Ya'u.

"Wa ke daka a can?"

"Yayata ce Lantana, ranka ya daɗe. Mijinta ya rasu, ta dawo gida da 'ya'ya huɗu."

"Me take dakawa?"

Ya'u ya sosa ƙeya. Daga bayan zana aka amsa, "Iska, Malam. Ba komai a turmin."

*

Ta fito a lulluɓe, ta durƙusa ta gaishe shi. Maiwada ya sa aka ɗora kasko biyu lokaci guda. Ta juya musu baya, ta rufe ido.

"Na dama raken fadama ne, ruwa ya yi masa yawa, a ƙyale shi tukuna. Na hagu ya fara tarin tsofaffi. Ya'u, zare itace ɗaya. Ba wannan ba, sarkin gwanaye, na ƙasa."

Masu kora dokin da ke juya injin matse rake suka tsaya, dokin ma ya tsaya. Ba a jin komai sai tafasa. Can ta ɗaga yatsa. "Yanzu."

Maiwada ya yi karatu a Samaru, ya ga Turawa na tsoma ma'aunin zafi suna duba littafi. Ga mace ta ba wuta baya tana jin abin da ma'aunin ke lalube.

"Subhanallahi! Wa ya koya miki?"

"Ya'u Baba ya koya wa. Ni fura nake kai musu, ina ji." Ta gyara mayafi. "Malam, an ce aikin da albashi, ni kuma ina da bakin ciyarwa. Ni za ka rubuta ko shi?"

"Haba Yaya!" in ji Ya'u. "Mace a bakin kasko, maza na zaune tana koya musu? Ina zan sa kaina a garin nan?"

"Inda ka saba sa shi, bayan turmina."

Maiwada ya buɗe takardar da aka ba shi. Malamin dahuwa: namiji. Mai kula da doki: namiji. Can ƙasa, kusa da inda takardar ta ƙare, mai shara: mace. Ya san in ya sa sunanta a sama, takardar za ta dawo, a kuma tambayi lafiyar kansa. Alƙalamin ya daɗe a hannunsa. Ya rubuta suna biyu.

*

Bayan wata uku ya biyo ta Makarfi. Ya'u na tsaye cikin sabuwar riga, yana yi wa ɗalibai goma sha biyu bayani da hannu, suna rubutawa. Ɓawon rake ya rufe filin ko'ina, ban da gindin murhu, inda shara ta cinye ƙasa har ta yi kwari. A nan Lantana take sunkuye da tsintsiya.

Ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Ya amsa yana duban takalminsa.